Jan Ɗigon Tara ga Nuwamba

Duk gidan da ka shiga a garinmu Dokkum, in ka nemi banɗaki ka ja ƙofa ka zauna, kalanda ce za ta tsare ka da ido. Ba irin mai Litinin da Talata ba, ita ko shekara ba ta sani ba. Wata ne kawai da kwanakinsa, kowace rana da layinta, a rubuta sunan wanda aka haifa a ranar. Ɗan gida da biro, saurayin 'yarka da fensir har sai an ga kamun ludayinsa, wanda ya mutu kuma a yi masa ɗan gicciye a gefe a bar shi a wurinsa. Ban da haihuwa ba a sa mata komai. Wannan ko yaron goye ya sani. Amma Renske Wiersma, da shekarunta talatin da huɗu, ta ɗauki jan biro ta ɗiga a kan tara ga Nuwamba, ba suna ba komai, don ranar ce jinin al'adarta ya zo.

Likita ce ta ce ta riƙa rubutawa. A watan Oktoba aka yi mata hoton ciki, likitar ta juyo mata da allon ta nuna wasu baƙaƙen ƙwallaye a jere kamar duwatsun wuya.

"Ƙwayayenki ne ba sa ƙarasa nuna. Sai su taso su tsaya a rabi. Shi ya sa al'adar take zuwa ranar da ta ga dama. Gashin haɓar nan da ƙibar da kike kuka da ita, duk gidansu ɗaya."

"Zan haihu?" in ji Renske.

"Da yawa suna haihuwa. Wasu sai an taimaka musu."

Aka ba ta ƙwayar nan ta masu ciwon suga, aka ce ta rage zaƙi, ta ƙara taka keke, kuma kada ta yarda wata uku ya wuce ba ta ga jini ba. In ya wuce ta dawo a ba ta maganin da zai saukar da shi, don zamansa ba ya yi wa mahaifa kyau. Da farko a waya ta fara lissafin. Kwana talatin da sakawa wayar ta turo mata hoton shamuwa ɗauke da ƙunshi a baki, wai ko dai an samu ƙaruwa? Ta goge abin gaba ɗaya. Da jinin ya zo a Nuwamba tana zaune a banɗaki, kalanda na gabanta, biro na rataye da zare, sai ta ɗiga. Tun daga wannan ɗigon kuwa shiru kake ji.

Disamba ta wuce, Janairu ta wuce. Wata uku ya cika ya tumbatsa, Renske ba ta koma asibiti ba. Mijinta Jelmer, wanda ke aiki a jirgin yashe bakin teku can wata uwa duniya, ya zo hutu a Fabrairu ya yi mako uku ya koma, sai ta ce bari ta jira, wa ya sani. Tsinken gwajin ciki kuwa ta saya har mai kantin magani ta daina ɗaga ido ta kalle ta. Kullum layi ɗaya.

A rumbun cuku take aiki, ita kaɗai a ɓangarenta. Ta sauko da curin cuku mai nauyin yaro ɗan shekara biyu, ta goge, ta juya, ta mayar, ta kama na gaba. Wani lokaci har a tashi ba ta yi wa kowa magana ba sai direban da ke kawo kaya. Da safe ta tsaya jikin taga da hantsaki da ƙaramin madubi ta tsige haɓarta, ta haɗiyi ƙwayarta, zuciyarta ta yi ta tashi har wajen goma. Da yamma ta dafa abincin mutum ɗaya ta ci a tsaye. Kaɗaici ya ishe ta, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa ya ishe ta.

Za ka ce ina uwarta? Tana nan, tafiyar minti goma sha biyu a keke. Sai dai Hiltje mace ce da ake ƙirga mata magana a yini. Tun da aka binne mijinta shekara biyu da suka wuce ta ƙara rufewa ruf. In Renske ta kira ta ce, "Mem," yadda muke kiran uwa a nan, "yaya kike?" sai ta ce, "Ina nan." In ta ce za ta leƙo, sai ta ce, "Akwai wani abu ne?" Sun saba a haka. Ba faɗa ba ne, da faɗa ne ma da an san inda za a kama a sasanta.

Wata Talata a farkon Mayu, ranar hutun Renske, Hiltje ta biyo ta kawo mata wata wasiƙa da aka kai gidanta bisa kuskure. Ko rigar sanyi ba ta cire ba. Renske ta zuba mata kofi ta ajiye mata biskit ɗaya, ita ba ta ɗauka ba.

"Ba kya ci?"

"Na daina zaƙi, Mem. Kuma zuciyata ce take ɗan tashi."

Hiltje ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tsaya a ƙugu. Can ta nemi banɗaki. Kowa ya san abin da tsofaffinmu ke yi a banɗakin mutane: kalanda suke bincikawa, su ga wa aka sa, wa aka cire. Ita Nuwamba ta buɗe, don ta ga ko 'yarta ta yi wa sunan ubanta gicciye a sha uku ga wata. Ta daɗe a ciki. Da ta fito sai ta cire rigar sanyin ta rataye, ta zauna, ta ce a ƙara mata kofi.

Talatar da ta biyo baya, ƙarfe goma daidai, Renske ta ji an jingina keke a bango. Mem ce da tukunyar romon kaza a kwandon gaba.

"Akwai wani abu ne?" in ji Renske, don ita ma abin da ta iya ke nan.

"Sai da wani abu zan zo gidan 'yata? Miƙo cokali."

Suka sha romo. Hiltje ta wanke tagogi, ta ce labulen nan rabonsa da ruwa tun zamanin tsohuwar sarauniya. Ta ba da labarin maƙwabcinta da akuyarsa ta cinye masa takardar gayyatar biki, har ta yi dariya. Renske ta zuba mata ido, don ta manta uwarta tana da wushirya. Da tsohuwar ta tafi, gidan ya yi ta ƙamshin ganyen seleri na cikin romon har yamma, ita kuwa ta ƙi buɗe taga don kada ya fita.

A Talata ta uku asiri ya tonu. Renske ta sunkuya za ta ɗauki kwandon wanki, Hiltje ta yi wuf ta fizge.

"Ke! Ba ki da hankali ne? Da ma cukun nan da kike ɗagawa ya isa. Ki gaya wa mai gidan aikinku ya canja miki wuri."

Jakarta tana kan kujera a buɗe. A ciki akwai ƙullin ulu ruwan ɗorawa, da ƙarafan saƙa, da wata 'yar safa guda ɗaya da ba ta wuce tsawon babban yatsa ba.

"Mem, wannan fa?"

"Ni ban tambaye ki komai ba," in ji Hiltje, tana ninke tawul ba ta ɗago ba. "Na san ana jira a cika wata uku kafin a faɗa. Amma ina da ido, kuma na iya ƙirga. Jelmer ya zo a Fabrairu. Tara ga Nuwamba." Ta ɗan murmusa. "Kwana huɗu tsakaninsa da ranar haihuwar babanki. Da yana nan da ya ce da gangan kuka yi."

Sai a lokacin Renske ta gane. Kalandar ba ta da shekara. Nuwambar da ta wuce ta ɗiga, uwarta kuma ta karanta Nuwamba mai zuwa. Ta buɗe baki za ta ce, Mem, ba haka ba ne. Kafin maganar ta fito, Hiltje ta ajiye tawul ta ɗora tafin hannunta a kumatun 'yarta. Hannun da sanyi, yana warin sabulu. Ko a bakin kabarin mahaifinta ba ta samu wannan ba.

"Famke," in ji tsohuwar, sunan da take kiranta da shi tun tana 'yar mitsitsiya, "kin sha wahala ke kaɗai."

Renske ta rufe bakinta. Ba ta yi ƙarya ba, amma shiru ma magana ce.

Ranar Lahadi da rana Jelmer ya kira daga jirgi, hotonsa yana tsayawa yana tafiya. Ta gaya masa. Da farko dariya ya yi, da ya ga fuskarta ya haɗiye.

"Haba, Rens. Ki gaya mata mana. Yau ɗin nan."

"In na gaya mata ba za ta ƙara zuwa ba."

"Uwarki ce fa."

"Ai da ma uwata ce, shekara biyun nan ina take? Ba wurina take zuwa ba, Jelmer, wurin jikanta take zuwa. Ni rakiya nake yi."

Ya fara cewa wani abu a kan asibiti, cewa wata shida ba wasa ba ne, sai hoton ya daskare da bakinsa a buɗe. Ta zauna tana kallonsa haka har wayar ta katse.

Talata huɗu ta ƙara ci a haka. Allah ya sani ta ji daɗinsu, kuma kowace ta fi ta baya ɗaci. Safa ta zama biyu, hula ta biyo baya. Ƙibar da take ɓoyewa a cikin manyan riguna yanzu ita uwarta ke kallo tana jin daɗi. Ran nan ma da ta kama kanta ta dafa cikinta a gaban madubi, sai ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta. Ciki dai fayau, ba kowa sai romon kaza.

Sai ga ranar haihuwar Hiltje ta matso, Asabar ta uku a Yuni, shekara sittin da takwas.

"Kin wuce wata huɗu," in ji ta ranar Talata tana ɗaura ɗankwali za ta hau keke. "Ranar Asabar kowa zai zo. Ke za ki faɗa ko ni?"

"Zan zo da wuri, Mem. Akwai maganar da nake so mu yi."

Ta zo da wurin kuwa, ƙarfe ɗaya da rabi maimakon biyu. Amma ina! Gwaggo Sjoukje, ƙanwar marigayi, ta riga ta, tana zaune daram a kujerar da ta fi kowace laushi. Kafin a ce haka falo ya cika. An jera kujeru an yi da'ira kamar yadda aka saba, duk wanda ya shigo sai ya zagaya ya ba kowa hannu: barka da ranar yayarka, barka da ranar maƙwabciyarki, barka da ranar mamanki. Renske ta karɓi barka goma sha huɗu. Aka raba kofi da kek yanka ɗai-ɗai, ta miƙa nata gaba.

"Tabɗi!" in ji Gwaggo Sjoukje da ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi kuma tana zaton na kowa ma haka. "Yau Renske ce ke ƙin kek? To me ke sa ki wannan cikar? Cukun nan juya shi kike yi ko cinye shi?"

Aka yi dariya. Hiltje ba ta ji haushi ba, murmushi ma take yi, irin na wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. Ta ƙofar kicin Renske ta hango teburi. An jera busasshen biskit a faranti, ga man shanu, ga kwali biyu na 'yan ƙwayoyin alewar nan da muke barbaɗawa in an yi haihuwa, ɗaya ruwan hoda na 'ya mace, ɗaya shuɗi na ɗa namiji. Tsohuwar ta kasa jira har Nuwamba, ta sayo duka biyun.

Hiltje ta ƙwanƙwasa kofinta da cokali. Ita da ba ta taɓa neman a saurare ta ba.

"Renske na da magana."

Ido ashirin da takwas ya juyo. A da'irar nan ba bayan wanda za ka ɓuya. Renske ta dubi uwarta ita kaɗai.

"Ba ni da ciki, Mem."

Murmushin bai sauka nan take ba, sai da ya ɗan jima a fuskar.

"Ɗigon nan na bara ne. Ranar da na ga al'ada ta ƙarshe ke nan. Ciwo gare ni a ma'ajiyar ƙwai, shi ke sa ni ƙiba, maganinsa ke tayar mini da zuciya. Ban sani ba ko zan taɓa haihuwa. Na so in gaya miki tun ranar safa." Muryarta ta karye. "Na ga kina zuwa ne."

Kowa ya dubi kofinsa.

"Me ta ce?" in ji Gwaggo Sjoukje.

"To," in ji Hiltje. Ta ajiye cokalin a kan faranti a hankali. "To. Wa zai ƙara kofi?"

Kawu Sytse ya miƙa kofinsa da sauri, ya ce an ce gobe za a yi ruwa. Nan take mutum uku suka kama zancen ruwa kamar ransu ya dogara a kai. Haka muke, ba mugunta ba ce, ba mu san inda ake ajiye irin wannan magana ba ne.

Renske ta tashi ta nufi wuri ɗaya tak da ake barin mutum shi kaɗai a gidan biki. Ta ja sakata, ta rufe murfin masai ta zauna, ta toshe bakinta da hannu. Shi ke nan, ta ce a ranta, Talata ta ƙare.

Kalandar uwarta na gabanta, tsohuwa mai hoton jiragen ruwa, wadda ta girme ta. Tun tana yarinya take kallonta ba ta taɓa taɓa ta ba. Ta miƙa hannu ta ɗaga shafuka zuwa Nuwamba. Ga sunan babanta da gicciyensa. A samansa da layi huɗu, ga sabon jan ɗigo, da biro, an danna shi sosai.

Ta saki shafukan suna zubowa, sai idonta ya faɗa kan Satumba. Can a sha bakwai ga wata akwai wani ɗigon, ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, ba suna a gabansa. Da ta taɓa ganinsa a da, ta ɗauka kashin ƙuda ne. Ta koma baya. Afrilu, ɗigo, ba suna. Maris, ɗigo, ba suna. Ta buɗe Janairu, watanta. Ɗigo a ashirin ga wata, sunanta kuma a ashirin da shida, da rubutun babanta.

An taɓa ƙofar, ba ƙwanƙwasawa ba, kamar an jingina da ita ne.

"Ina jin ƙarar takarda," in ji muryar Hiltje ƙasa-ƙasa. "Wane wata kike?"

"Janairu."

"Kin makara kwana shida. Tun a ciki ba kya jin magana."

Renske ta share hanci da bayan hannu. "Sauran fa, Mem?"

Daga falo ana jin Gwaggo Sjoukje tana tambaya har yanzu me aka ce.

"Ranar da ungozoma ta ce zan haihu ita nake ɗigawa, kafin a san suna. Huɗu na yi a shekara tara. Ke kaɗai kika zo kika karɓi naki." Ta yi gyaran murya. "Ni ma tawa al'adar sai ta yi rabin shekara ba ta leƙo ba. A lokacin ba a ce ciwo ba ne. Cewa aka yi in rage tunani."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba."

"Ke ma ba ki tambaye ni ba."

"Haka ne," in ji Hiltje.

Renske ta dubi sabon ɗigon. "Da biro kika yi shi. Ba zai gogu ba."

"Bar shi. Ba shi kaɗai ba ne a wurin. Wata bakwai ke nan ko? Yaushe za ki koma wurin likitar?"

"Ban kira ba tukuna."

"Litinin ki kira. Ki ce su ba ki Talata."

Renske ta dafa sakatar amma ba ta zare ba. Akwai abin da ke cin ta tun Mayu, kuma ta san in ba ta bakin ƙofar nan ba, ba za ta iya tambaya ido da ido ba.

"Za ki zo ne, Mem? Ko ba kowa a cikin?"

"Ke ba kowa ba ce?" in ji tsohuwar. "Na riga na sayi kazar. Buɗe ƙofa, famke, kawunki ya sha kofi uku."